Ganye Ɗaya, Suna Uku

An ce wani sarki ya rasa ɗansa ta dalilin haukata-yaro. Abokai ne suka dama masa ƙwayoyin a fura wai don nishaɗi, hankalinsa ya gushe, ya faɗa rijiya. Baƙin ciki ya rufe wa sarki ido, ya sa aka yi shela: duk wanda aka kama da haukata-yaro, a sare masa hannun dama. Kafin damina ta zagayo masu dungu sun cika gari, mashaya kuwa ba su ragu ba, sai dai suka koma bayan ganuwa.

To, akwai wata tsohuwa mai sayar da saiwoyi, sunanta Tabawa. Ɗanta Mantau marini ne, magidanci, tun da matarsa ta rasu a kan gwiwa ya kama shan abin nan. Ta yi faɗa, ta yi kuka, a banza. Ran nan dogarai suka kama shi, aka ce a sare hannun bayan azahar. Marini ba hannu kuwa, ai an binne shi ke nan da ransa.

Tabawa ta ja sandarta har fada. Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Ya sarki, kacici-kacici na kawo. Baƙi uku suka sauka garinka. Na fari, ka ce a sare hannun duk wanda ya gaisa da shi. Na biyu yana zaune a kasuwa, ba mai ce masa kanzil. Na uku, kullum safiya kai da kanka kake shigar da shi ƙirjinka. Wanne ne mai laifi?"

Sarki ya ce, "Na fari, tun da shi na hukunta."

Ta ce, "Ai mutum ɗaya ne."

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da ɗan itacen nan mai ƙaya, ta ɗaga. "Talaka ya ce haukata-yaro. Mu masu saiwa mu ce zaƙami. Bokanka ya ce babba-jibji, shi yake turara maka saboda fuka. A wurina yake saye."

Aka kira boka. Gogan naka ya sunkuyar da kai.

Tabawa ta ce, "Ga shi a hannuna na dama. A fara da nawa, sannan..." Ta dubi hannun sarki.

Sarki ya murtuke fuska, ya ce, "Ni don ciwo nake shaƙa."

"Ya sarki, ɗana Mantau da aka kama, shi ma don ciwo ne. Naka a ƙirji, nasa a zuci. Ban ce abin kirki ba ne, ya kashe ɗanka, ga shi yana cin nawa. Amma takobi bai taɓa warkar da majinyaci ba."

Jikin sarki ya yi sanyi. Ya ce a janye dokar, a riƙa kai mashaya wurin masu magani, a kuma yi maza a sako Mantau. Manzo ya fita a guje, amma ina, tuni an sallame azahar. Ya komo ya durƙusa, ya ce ya tarar ana tsoma dungun a tafasasshen mai.

Tabawa ba ta yi kuka ba. Ta miƙe, ta ce za ta je ta koya wa ɗanta cin tuwo da hagu.

Sarki ya rufe fuska da hannun riga, ya ce, "Dokar da aka rubuta da hawayen sarki, da jinin talaka ake karanta ta."