Lambar da Aka Binne a Mararraba

A zamanin da dajin gabas bai san gatari ba, ɓauna na shan ruwa inda kasuwa ke ci a yau, an yi wani maharbi ana ce masa Ranau. Ranau na Tabawa, sanɗa ta fi gudu, mai ganin sawu a kan fa. Ƙanensa guda ne, Cindo, mai yatsa shida, mai dariya ko a gaban zaki.

Shekarar da Turawa suka zo ɗibar soja zuwa yaƙin Bama, aka rubuta su duka biyun. Mahaifiyarsu Tabawa ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko layar zana ta ubansu, wadda ba ta ci sai a jikin ɗan fari, ta ɗaura wa Ranau a damtse. Ta ce, "Kai ne babba. Ka dawo min da shi."

Bayan teku suka tarar da dajin da rana ba ta taɓa ƙasarsa. Wata rana da hantsi abokan gaba suka ritsa su a bakin kogi. Babbar bindiga na kan tudu cikin gora tana aman wuta, wanda ya ɗaga kai bai sake ɗagawa ba. Mutum arba'in kwance a taɓo, ruwa kuma yana ƙaruwa a bayansu.

Ranau ya ce zai hau. Cindo ya biyo shi da rarrafe.

"Koma, Cindo."

"Yaya, yaushe ka taɓa fita farauta ba ni?"

"Ka ji abin da Inna ta ce."

"Inna ba ta ga kogin nan ba."

Suka yi sanɗa, taku ɗaya, tsayawa ɗaya. Ranau ya ciji layarsa ya ɓace, ko inuwa babu. Amma laya mutum take ɓoyewa, ba ta ɓoye motsin ciyawa. Saura taku ashirin, bakin bindigar ya fara bin ciyawar. Cindo ya gani. Ya miƙe tsaye ya harba, bindigar ta koma kansa. Kafin ta sake juyowa Ranau ya isa, ta yi shiru.

Arba'in ɗin suka tsira. Cindo kuwa harsashi ya same shi, ya gangara kogi, ruwa bai dawo da shi ba.

Da hafsa ya maƙala masa lambar jarunta, Ranau ya ce, "Ranka ya daɗe, a wurin maharba wanda ya fara harbi shi ke da nama. Ta Cindo ce." Hafsan ya ce an riga an rubuta.

Da Ranau ya dawo, ƙafarsa ta ƙi shiga gari. Kwana uku yana zaune a mararraba, har tsohuwar ta dogaro sanda ta same shi.

"Ina ƙanenka?"

Ya miƙa mata lambar. Ta daɗe tana juya ta a tafin hannu.

"Shi aka ba?"

"Shi ya cancanta, Inna."

"To, haƙa. Ɗana ba zai rasa kabari ba."

Suka binne lambar, suka ɗora dutse. Ranau ya kafa bukka a wurin, waɗanda suka tsira suka riƙa zuwa har wurin ya zama gari, shi ne Dutsen Cindo. Har yau duk sojan garin da bai dawo ba, ɗan'uwansa ke ɗauko dutse a kai, ya ajiye kusa da na farko, ya faɗi sunansa da ƙarfi sau ɗaya.

Duwatsun sun kai sha tara. Na baya-bayan nan ko ruwan sama bai taɓa shi ba tukuna.