Mai Buga Ƙwallo Inda Babu Kowa

Akwai wani saurayi, Habila, mai buga ƙwallo a tsakiyar fili. Aikinsa ya karɓa daga na baya, ya miƙa wa na gaba. Wata rana budurwarsa Rifkatu ta je kallo, ta ji kocinsu yana ce masa, "Yau in ka zubar mana da ƙwallo, benci za ka koma."

Rifkatu ba ta san wasan ba, sai ta zuba wa ƙafafunsa ido. Ta lura ba ya buga wa mutum a ƙafa. Gaba yake turawa, inda babu kowa sai ciyawa. Sau biyu ya yi haka, sau biyu ɗan gabansu, Dogara, ya tsaya cak, ƙwallo ta tafi a banza.

Wani ɗan kallo ya yi ihu, "Habila, aljanu kake ba wa?"

Aka fashe da dariya. Rifkatu ta sunkuyar da kai, amma ta kasa daina tambayar kanta: me yake gani a wurin nan?

Gab da tashi, ƙwallo ta sake zuwa masa. Koci ya miƙe. Habila bai ko ɗaga kai ba, ya sake turawa inda babu kowa. Sai ga Dogara a guje, ya tarar da ita, ya jefa a raga. Jama'a suka ɗaga Dogara sama.

A hanyar gida Rifkatu ta ce wa Habila, "Ka gan shi yana zuwa ne?"

Ya ce, "Ban gan shi ba. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya ce mini zai ruga."

"Shi ke nan? Bayan ya ba ka kunya sau biyu?"

"In na jira sai na gan shi a wurin, an riga an tare shi."

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce: ƙwallon ita ce baiwar da Ubangiji ya sa a hannunka, ba domin ka riƙe ba. Dogara shi ne ɗan'uwanka a ikilisiya, wanda ya taɓa kasawa, ya kuma ce zai gyara. Da yawanmu mukan ce sai mun ga ya canja kafin mu sake ba shi aiki. Amma ina zai ruga in ba a tura masa komai ba? Ubangiji ya amince da kai tun ba ka iso ba. Wa kake jira ya iso kafin ka amince da shi?