Jiminar Sarki da Lambun Nomau

An ce wani sarki ya taɓa kiwon wata jimina, yana sonta kamar ransa. Wata safiya aka tsince ta a lambun wani manomi, Nomau, ƙafarta a karye. Sarki ya fusata, ya sa aka kamo Nomau, ya ce da kansa zai yi shari'ar, kuma in laifi ya tabbata sai mutumin ya rasa lambunsa ya bar gari.

To, sarkin nan bai taɓa zaman shari'a ba. Sai ya aika aka kira Malam Sidi, tsohon alƙalin da ya ajiye aiki, ya ce, "Malam, ka tsaya kusa da ni, kana gaya mini sunan kowane abu."

Malam Sidi ya ce, "Ya sarki, na ji. Amma a majalisar shari'a kowa da mazauninsa, kuma ba a magana sai daga can."

Ya sa aka shimfiɗa buzu da tabarmi biyu a ƙasan karaga. Ya ce, "Buzu na alƙali ne, mai yanke hukunci. Wannan tabarma ta wanda ake ƙara ce, Nomau zauna. Waccan ta mai ƙara ce, wato wanda ya kawo kuka. Wa ya kawo kuka?"

Sarki ya ce, "Ni."

"To, bismilla."

Sarki ya sauko daga karaga, ya tattare riga ya zauna a tabarma. Ya ce Nomau ne ya karya ƙafar jiminarsa.

Malam ya ce, "Wannan ita ce da'awa. Alƙali ne zai tambayi wanda ake ƙara."

Sarki ya tashi ya koma kan buzu, ya tambaya. Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa ta ba. Kabewata ta zo ci, ta zurma a kwalbatin ban ruwa."

Malam ya ce, "Ya musanta, da ya amsa da mun ce iƙirari ne. Yanzu sai mai ƙara ya kawo hujja. Ina shaida?"

Sarki ya ce, "Ni ne shaida."

"Shaida a tsaye yake magana, can bakin ƙofa."

Sarki ya tafi bakin ƙofa, rawani ya fara kwancewa, fadawa suna ta sunkuyar da kai suna cizon leɓe don danne dariya. Malam ya ce, "Ya shaida, da idonka ka gani?"

"An gaya mini."

"Wannan ji ne, ba shaida ba. Kuma mai ƙara ba ya yi wa kansa shaida. In babu hujja, rantsuwa ta koma kan Nomau."

Sarki dai ya gaji, gumi ya jiƙa masa wuya. Ya faɗa kan buzu yana haki, ya ce, "Ba na bukatar rantsuwarsa. Na yanke hukunci, a karɓe lambun, ya bar gari."

Malam Sidi bai yi gardama ba. Ya ce, "Saura abu ɗaya, ya sarki, ɗaukaka ƙara. Wanda yake ganin alƙali ya cuce shi, yana da damar kai kuka gaban sarki. Nomau, ga hanya."

Nomau ya tashi, ya wuce sarki a kan buzu ko kallonsa bai yi ba, ya je ya faɗi gaban karaga. Ba kowa a kanta sai matashin jingina. Nomau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, alƙalinka ya kore ni daga lambun ubana ba shaida, ba rantsuwa. Ba ni da kowa sai kai."

Nomau yana nan durƙushe yana jiran amsa.

Sarki ya daɗe yana kallon karagarsa. Sa'an nan ya miƙe, ya gyara rawani, ya hau ya zauna. Ya ce, "Na ji kukanka. Na rushe hukuncin alƙalin nan, kuma na tuɓe shi daga yau. Koma lambunka, a biya ka kabewarka." Ya juya ga Malam Sidi ya ce, "Malam, ɗauki buzunka, ka koma alƙalanci. Na gane yau, in mai ƙara ya zama alƙali, talaka ba shi da sarki."