Buhun Wutsiyoyi

An yi wani mutum a wannan yanki namu, tsakanin Batsari da Safana. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi ofishin da ya yi wa aiki ba, don ba tonon silili ya sa na ɗauki alƙalami ba. Amma wallahi ina rubutun nan zuciyata na tafasa.

Ɗan ƙauye ne kamar ni da ku. A gaban Malam Abdulkahar na Karare ya yi karatun allo, ya haɗa da boko, Allah ya ɗaga shi ya zama jami'in tsare-tsare, mai rubuta abin da hukuma za ta yi wa jama'a a shekara. Gadon da ubansa ya bar masa shanu ne, suna hannun wani makiyayi mai suna Haliru, a wata ruga kusa da Darini. Uban Haliru ya yi wa ubansa kiwo, Haliru ya ɗora. Amana ce ta gado.

Kun san abin da muka gani a shekarun nan. Gonakin nesa sun gagara, kasuwa ta yi sanyi, majiya ƙarfi suna zaune a gindin bishiya. Ma'aikatan da ke shiga daji yi wa dabbobi allurar riga-kafi suka daina shiga, kuma wa zai ga laifinsu? Sai aka zo da shiri mai kyau: a koya wa mutanen kowace gunduma sana'ar da za ta riƙe su. Gyaran babur, matsar man gyaɗa, gyaran famfo. A ciki har da gurbin mutum guda da za a koya wa allurar dabbobi, a ba shi babur da akwatin sanyi na ajiye magani, ya riƙa bin rugage, tunda ɗan gida ya san hanyar da baƙo bai sani ba.

Mutumin ya kira taro a Karare, jama'a suka ƙi fitowa. An sha rubuta sunayensu, ba su ga komai ba. Sai Malam Abdulkahar ya miƙe bayan sallar la'asar, ya ce, "Ku zo. Wannan ɗana ne, ni na wanke masa allo. In ya cuce ku, ni na cuce ku."

Suka zo. Manoma da makiyaya, waɗanda suka daɗe ba su yi doguwar gaisuwa ba, suka zauna a inuwa ɗaya. Ya 'yan uwa, da kun ga wannan rana! Da aka zo gurbin allura, baki ya zo ɗaya a kan Haliru. Yana gane ciwon saniya daga tafiyarta, yana jin Hausa da Fulatanci, ya kuma iya karatun boko daidai gwargwado. Wani dattijo manomi ya ce, "A ba shi, ko Allah ya sa allurar ta raba shanunsa da son gerona." Haliru ya ce, "Baba, wannan ciwon ko likitan birni bai san maganinsa ba." Aka yi dariya. Mutumin ya rubuta sunan a gaban kowa, ya dafa ƙirji, ya ce ya ɗauka a wuyansa.

Bayan kwana biyu wani babba daga birni ya kira shi a waya. Yana da ɗa da ke son takardar shaida da babur. Ya yi masa alkawarin canjin wurin aiki zuwa Katsina, inda mutum zai huta da fargabar hanya. Mutumin ya cire sunan Haliru, ya sa na ɗan babban.

Me ya gaya wa zuciyarsa? Cewa ya yi suna ne kawai a takarda. Cewa ya yi mutumin ruga ba zai taɓa sani ba.

Da Haliru ya zo jin ranar fara karatu, mutumin ya ce masa, "Daga sama aka canza. Ka san aikin gwamnati." Haliru ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Har ya ajiye masa ƙwaryar man shanu da ya zo da ita, wai a kai wa iyali. Mutumin ya karɓa. Ya ci.

Ɗan babban ya zo ranar buɗe shiri, aka ɗauki hoto, ya hau babur, ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Mutumin kuwa ya zauna ya rubuta rahoto mai daɗin karatu: gundumar ta samu ma'aikacinta, dabbobi sun samu riga-kafi.

Da kaka ta yi, ciwon huhu ya shiga rugage. Shanu suka fara tari, suna miƙe wuya suna neman numfashi. Hukuma ta haɗa ayarin ma'aikata da rakiyar tsaro, aka tura su gundumomin da ba su da mai allura, can wajen Runka. Haliru ya hau ɗan acaɓa ya je babban ofishin hukuma neman agaji. Magatakarda ya buɗe fayil, ya ce, "Ai ku an gama da ku. Ga rahoto." Haliru ya ce ai an cire sunansa daga sama. Magatakarda ya juya masa takardar. "Wace sama? Yadda jami'inku ya aiko, haka muka karɓa." Haliru ya karanta sunan baƙo, ya ga sa hannun da ya sani a ƙasa.

Kafin gaskiya ta kai kunnen masu agaji, garken ya zube.

Akwai al'adar makiyaya da nake so ku riƙe. In dabbar amana ta mutu a hannunsu, sukan yanke wutsiyarta su kai wa mai ita, don kada zuciyarsa ta raya masa cewa sayarwa aka yi. Ranar kasuwa, rana tsaka, Haliru ya shigo harabar ofis da buhu a kafaɗa. Ya yi sallama, ya gaida mutumin yadda ya saba, ya tambayi iyali. Sannan ya kwance bakin buhun.

"Yallaɓai, duba da kyau. Ga ta jar nan da babanka yake so. Ko ɗaya ban ɓoye ba. Nawa na bar su a daji, su ba mai tambayata." Ya ɗago ido. "Ni na kawo shaidar amanarka. Ina shaidar tamu?"

Jama'a suka taru suna kallon wutsiyoyin.

Bincike ya biyo baya, rahoton ƙarya ya fito, aka sallami mutumin daga aiki. Ya kira babban nan har yatsansa ya gaji, ba a ɗaga ba. Haliru ya kora 'yan shanun da suka rage, ya yi kudu da iyalinsa. Amanar da ta wuce daga uba zuwa ɗa ta tsinke a rana ɗaya.

Mutumin ya tafi Karare wurin Malam yana kuka. Malam ya ce, "Ba shanunka nake wa baƙin ciki ba. Bakina na ara maka. Yanzu in alheri ya zo, na ce su fito, wa zai fito?" Haka kuwa aka yi. Da wani shirin ya zo a shekara ta gaba, tabarmi kawai aka shimfiɗa, aka naɗe.

Ya 'yan uwa, ya ku masu riƙe da biro a ofisoshi! Jerin sunayen da ke gabanku ba tawada ba ce. Kowane layi gida ne, tukunya ce a kan murhu, garke ne a daji. Wanda ya goge sunan mai haƙƙi, rijiyar da zai sha gobe ya cike da hannunsa. Wannan mutum a duniya aka kawo masa buhunsa, ya gani da idonsa. Namu buhun fa, wa ya san abin da ke ciki ranar da za a kwance bakinsa?

Ya Allah, kada Ka sa mu ci amanar wanda ya yarda da mu. Ka mayar wa waɗanda aka zalunta da mafi alheri, Ka dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da rugagenmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye hannuwanmu daga abin da za su rubuta. Amin.