Sabuwar Wayar Dagaci Barau da Mudun Malam Jatau

Masu riƙe da labaran garuruwa sun ce a Rafin Tsamiya an yi wani dagaci mai suna Barau, mutum mai buɗaɗɗen hannu, mai saurin hawa da saurin sauka. Duk duniya ba abin da yake ƙauna kamar kallon dambe a waya. 'Yan garin da ke birni suka haɗa ƙarfi suka kafa akwatin waifai mai raba intanet a kan wani dogon ƙarfe a ƙofar zaurensa, suka danƙa mabuɗin a hannun Malam Jatau mai gyaran rediyo, ana ba shi ɗan abin cefane. Da yake bakin dagaci bai iya cewa a'a ba, sai ya sa aka rubuta lambar sirrin da gawayi a bangon zaure, kowa ya kwasa.

Ran nan ya sayo sabuwar waya mai faɗin allo, mai shago ya rantse masa ko iska ba ta kamo ta. Ya kunna dambe, ɗan dambe ya ɗaga hannu zai kai naushi, sai hoton ya tsaya cik, wani ɗan zobe ya hau juyi a kan hancinsa. Dagaci ya aika a kira Jatau.

Jatau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, waya ɗari biyu ke sha a akwatin nan. Shi ya sa na yanka wa kowace iyakar gudunta, daidai wa daida."

"Har da tawa? Ni da mai shayi mudu ɗaya?"

"Mudu ɗaya, ranka ya daɗe. In na kwance taka, ita kaɗai za ta shanye rabi."

Dagaci ya ce ko dai a kwance ta, ko a ajiye mabuɗi. Jatau ya ajiye mabuɗin a kan tabarma, ya tafi, bai san abin da zai gaya wa iyalinsa ba.

To, akwai wata tsohuwar shamuwa da ta yi sheƙa a kan ƙarfen. Da la'asar ta sauko ta ce, "Allah ya ja zamanin dagaci. Ina tsoron kada abin da ya sami Nomau mai albasa ya same ka."

Dagaci ya ce, "Wane ne kuma Nomau?"

Shamuwa ta gyara tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, ta ce:

A wata fadama da nake yada zango akwai manoman rani masu shan ruwa a magudana guda, kowa da ranarsa. Gonar Nomau ce a bakin ruwa. Da ya sayi ƙaton injin ban ruwa sai ya ce shi ya wuce jiran layi. Wata mai fura, Tabawa, ta ji shi yana cika baki, ta ce, "Ɗan nan, ba ka ji labarin Gambo mai ludayi ba?" Ya ce bai ji ba. Ta ce:

"Gambo mutum ne da ba a ɗaga tukunya a unguwa bai sani ba. Haushinsa ɗaya, in an zauna shan kunu a gidan suna, ludayi ɗaya ake zagayawa da shi, kafin ya dawo kansa ransa ya gama fita. Sai ya je wa mai gyartai ya sa aka yi masa nasa ludayin, girman ƙwarya. Ranar wani suna ya zaro shi daga riga, ya zurma cikin kunu, ɗiba ɗaya ya kwashe na mutum shida. Ya kai baki, baki ya ƙi ɗauka, saboda Allah bai ƙara masa faɗi ba. Kunu mai zafi ya kwararo masa a ƙirji, ya yi ta tsalle yana salati, 'yan suna na kallon ƙwarya wayam. Shi bai sha ba, su ba su sha ba. Ka ji, Nomau, in ludayi ya fi baki, ƙirji ke shan kunun."

Nomau ya yi dariya, ya shanye furarsa, ya tayar da inji. Kwana bakwai yana zuƙar ruwa, har albasarsa ta ruɓe a ƙasa. Gonar ƙarshen magudana kuwa ta bushe ƙurmus, kuma ta wani dattijo ce wanda shi ke rainon irin albasa na fadamar duka. Da shekara ta zagayo Nomau ya zo neman iri, dattijon ya nuna masa busasshiyar ƙasa ya ce, "Ga shi nan, ɗiba." Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Shi ya sa nake cewa, ranka ya daɗe, kafin na bakin ruwa ya sha ya ƙoshi, ya tambayi wane ne a ƙarshen magudana.

Dagaci ya juya mabuɗin a hannunsa, ya ce, "To ni wa ke ƙarshen tawa?"

Shamuwa ta ce, "Daga sama ina ganin kowa. Dubi gindin dalbejiyar can, inda sabis ke isa da ƙyar."

Ya duba, sai ga Laraba ungozoma zaune, ta ɗaga wata 'yar waya mai fasasshen gilashi sama, an ɗaure ta da roba.

Shamuwa ta ce, "Kullum war haka takan zo ta tura wa nas a birni hoton katin awon masu ciki, ta jira amsa. Ɗan mudun da Jatau ya ware mata shi ke kai saƙon. Na yau katin Hansai ne, ƙafafunta sun kumbura."

Hansai 'yar dagaci ce ta fari, cikinta wata takwas. Kunya ta rufe dagaci, har ya kife wayarsa a kan tabarma. Bai aiki kowa ba, shi ya taka da ƙafarsa har shagon Jatau, ya sa masa mabuɗin a tafin hannu.

"Malam Jatau, na yi wauta, ka yafe ni. Amma mudun nan naka bai yi daidai ba, sai ka gyara."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na faɗa maka..."

"Raba nawa biyu, ka ƙara wa Laraba rabi."

Tun daga ranar, in dagaci ya kunna dambe, ɗan damben kan daɗe da hannu a sama, zobe na juyi. Fadawa su ce, "Ranka ya daɗe, ya tsaya." Shi kuwa sai ya leƙa gindin dalbejiya ya ce, "Ku bar shi ya huta, ana duba jikana."