Fitilar Yaya a Bakin Ƙofa

Akwai wani mai haɗa wutar lantarki da bai taɓa yi wa ɗan Adam hassada ba. In ka cire ƙaninsa.

Hukumar gari ce ta gyara tsohon lambun tunawa da waɗanda ambaliya ta ci, ta sabunta bangon da aka sassaƙa sunayensu, ta yashe tafkin da ke gefe. Kwamiti ya nemi mai tsara fitilu. Wa da ƙani suka kai zane, aka ɗauki na Auta. Shi kuwa Yaya, wanda ya koya wa Autan riƙe filaya, aka ba shi bakin ƙofa, wai don kada zumunci ya lalace.

Ya ce shi ko a jikinsa. Ya faɗa wa matarsa da safe, ya maimaita da rana, ya kira surukinsa a waya ya shaida masa.

Saura ɓangare na biyu na lambun, kuma kwamiti ya ce wanda aikinsa ya fi burge jama'a ranar buɗewa shi za a ba.

Yaya ya leƙa aikin ƙaninsa. Gajerun fitilu iya gwiwa, haske ruwan zuma, duk sun sunkuyar da kai suna kallon hanya. Wasu an binne su a gindin bango suna haska sunayen daga ƙasa.

"Auta, wannan fitila ce ko zaman makoki?"

"Yaya, ai wurin ne ya zo da haka."

Sai Yaya ya kafa doguwar falwaya a bakin ƙofa, ya ɗaura mata farar fitila irin ta filin ƙwallo. Auta ya ce masa cikin ladabi farin haske kusa da tafki, ga damina, yana tara baƙi. Nan Yaya ya gane yaron ya fara masa hassada, ya ƙara wa fitilar ƙwai biyu. Matarsa ta ce ba laifi, ko daga ɗakin girkinta tana iya zare ƙaya da hasken. Ya ɗauka yabo ne.

Ranar buɗewa, rana na faɗuwa aka kunna. Kowa ya ɗaga kai ya kalli fitilar Yaya, har wani ya yi tafi. Yaya ya gyara tsayuwa.

Shinge ne suka fara isowa. Fara ta biyo, sai sauro da danginsa, sai wasu ƙwarin da ko malamin kimiyya bai san sunansu ba. Kwaɗin tafki suka ji labari suka fito cin abinci. Manyan baƙi suka riƙa wuce ƙofa da sauri, baki a rufe, Yaya na gaishe su yana kaɗe kunne.

A cikin lambu kuwa ko ƙwaro ɗaya babu. Shugabar kwamiti, wata dattijuwa da sunan mijinta ke jikin bangon, ta zauna a benci ta daɗe tana kallon sunan. Ta ce tun da take zuwa wurin nan, yau ne ta zauna ba ta mari hannunta don sauro ba. Ta tambayi Auta sirrin.

"Mama, ba ni ba ne. Fitilar yayana ce ta kwashe su."

Dattijuwa ta jinjina kai. Ta ce ga yaro mai basira ga tawali'u, har ya san inda zai ajiye yayansa ya yi amfani.

Aka ba Auta ɓangare na biyu, da sharaɗin Yaya ya sake kafa irin fitilarsa a can. Kwamiti ya zaɓa masa wuri a baya, kusa da kwandunan shara.

Darasi: Mai hassada ma'aikaci ne a gonar wanda yake ƙi, kuma ba a biyansa. Ka yi aikinka daidai da wurin da aka ba ka, ka yi wa ɗan'uwanka murna ko da ta baki ce, zuciya za ta biyo daga baya. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai. Wanda ya ji haushi, da shi ake.