Irin 'Yar Gabas

Ku matso kusa, muryata ba ta zuwa nesa yanzu. Ga wata nan na kawo muku, amma ba ta dariya ba ce, ta gardama ce. In na kai ƙarshe zan yi shiru, ku kuma ku yi ta fama da juna.

A wani gari da ake kira Gangaren Marke an yi wani gida na masu tuƙa igiya. Rijiyoyin garin zurfi gare su, in ka zura guga sai ka gaji da jira kafin ka ji ya taɓa ruwa. Igiyar kaba ba ta jure musu, ta rama ma ba ta daɗewa. Abin da ya riƙe garin wata tsohuwar wiwi ce da suke kira 'Yar Gabas. Na ga wasunku sun fara murmushi. Ku adana murmushinku, ba irin wadda kuka sani ba ce. Wannan doguwa ce siririya, ta fi dawa tsawo, ba ta da reshe sai can sama, kuma wanda ya busa ta ba abin da zai samu sai tari da ciwon kai. Ɓawonta ake so. A jiƙa karan a kududdufi, a ɓare, a tuƙa, sai a sami igiyar da za ta yi shekaru tana shiga ruwa tana fita ba ta ruɓe ba.

An ce kakan kakansu ne ya zo da ita cikin ayarin fatake daga gabas. Tun daga kansa, kowace kaka mai gidan yakan shiga gona ya zaɓi waɗanda suka fi tsawo da miƙewa ya ɗebi iri a jikinsu, sauran a sare. Haka aka yi ta yi har ta saba da ƙasar, ƙasar ta saba da ita, ta zama wata aba daban da ba a samun irinta ko'ina. Mai gidan na ƙarshe shi ne Baba Cindo, yana da 'ya'ya uku: Nomau babba, sai Kuluwa, sai autansu Jatau.

Jatau ne ya jawo abin. Ya tafi yawon duniya ya dawo da irin gajeriyar wiwi, mai bugarwa, ya shuka a fadama shi da abokansa. Ita kuwa wannan shuka akwai namiji akwai mace, kuma iska ce ke ɗaukar bununin namiji ta kai wa mace, ba ruwanta da iyakar gona. Cikin 'yan shekaru 'Yar Gabas ta fara gajarta, tana fitar da rassa, tana wari, igiyarta tana tsinkewa a tsakiyar rijiya. Daga baya hukuma ta ji labarin fadamar, ta zo ta cinna wa komai wuta, ba ta tsaya tambayar wacce ce ta igiya wacce ce ta shaye-shaye ba. Baba Cindo bai yi wa kowa faɗa ba. Ya dai daina fita, ya zauna a zaure yana murza tsohon ɓawo a cinyarsa. Abu ɗaya yake maimaitawa, wai shi ne zai je ya gaya wa iyayensa cewa a hannunsa ta ƙare. Baƙin ciki ne ke cinsa, kowa ya sani.

To, a gidan akwai wata al'ada. In za a kai 'yar gidan ɗakin miji, akan ɗinka mata gammo a zuba tafin iri a ciki. Ba don ta shuka ba, don dai a san daga inda ta fito. Yawancin amare sukan yar da shi in ya tsufa. Kuluwa ba ta yar ba. An yi mata aure tun kafin Jatau ya kawo tsiyarsa, saboda haka irin da ke gammonta tsantsa ne. Ta ɓoye shi cikin tukunyar toka don kada gara da danshi su taɓa shi. Shekarar da aka ƙone gonaki mijinta ya rantse sai ta jefa shi a wuta, kada ta jawo masa ɗauri. Ta ƙi, aure ya yi ta tangal-tangal, har ta yi yaji ta dawo gidan ubanta, gammon yana ɗaure a ƙugunta. Ta ajiye shi gaban tsohon ta ce, "Baba, ba ta ƙare ba tukuna."

Sai dai iri ya tsufa, kuma tsohon iri ba ya son tashi. Nan Nomau ya shigo. Shi mutum ne mai nauyin baki, amma hannunsa ya san ƙasa. Bai watsa irin a gona ba, ya bi shi ƙwaya-ƙwaya cikin fasassun tukwane, yana lallashi kamar mai jinyar ɗan akuya. Mafi yawa suka ruɓe, 'yan kaɗan suka leƙo. Ya kwashe su ya kai wani kwari a bayan dutse, inda iskar fadama ba ta kaiwa, don har lokacin gajeriyar tana tsirowa da kanta a can. Babu ruwa a kwarin, a kafaɗa yake hawa da shi safe da yamma. Gonar geronsa ciyawa ta cinye, iyalinsa suka ci baƙar wuya a shekarar, bayansa kuma bai sake miƙewa daidai ba. Shukar ta tashi, doguwa siririya, yadda tsofaffi suka san ta. Da ta fara fure sai aka duba, duk mata ne, babu namiji ko ɗaya.

Jatau ya daɗe ba ya haɗa ido da kowa a gidan. Ranar da ya ji haka bai yi sallama da kowa ba, ya ɗauki sanda ya bi tsohuwar hanyar fatake. Tunaninsa shi ne, duk inda ayari ya yi zango ba a rasa iri ya zube. Ya bi kufai bayan kufai. Ya ga masu kama da ita da yawa, waɗanda da Nomau ne da ya ɗauko da murna, amma shi shekarun da ya ɓata cikin gajeriyar sun koya masa warinta, ko kaɗan ta gauraya sai hancinsa ya gaya masa. A bakin wata matacciyar rijiya ya sami namiji tsantsa, tsatson irin da fatake suka zubar, yana shirin fashe fure. Ya tumɓuke shi da ƙasarsa ya sa a masaki, ruwan shansa yake ba shi. A hanya 'yan sintiri suka tare shi bisa zargin safarar wiwi, suka yi masa dukan da ya bar shi da ɗingishi har yau, amma kafin su iso ya riga ya tura masakin cikin sabara. Da rarrafe ya koma ya ɗauka. Ya iso kwarin furen matan yana gab da wucewa.

Da kaka aka sami iri cikin 'yar gora, bai ma cika ta ba. Aka kai wa Baba Cindo, ya zuba kaɗan a tafinsa ya daɗe yana kallo, ya yi kuka ba ɓoyewa.

Amma a gidan nan mutum ɗaya ke riƙe iri. Ba a raba shi, don in ya shiga gonaki uku ido uku ne zai yi zaɓe, kuma daga nan ta fara zama wata aba. Dattawa suka taru, kowa da nasa. Masu son Kuluwa aka ce musu ai ta koma ɗakinta a wani gari, gidan mutumin da ya so ƙone shi. Masu son Nomau aka tuna musu cewa ba ya bambance tsantsa da gauraye, ga fadama nan kusa. Masu son Jatau kuwa ba sai an tuna musu komai ba.

Aka juya ga tsohon. Ya dubi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Na gaji. Duk wanda na ba, na zalunci biyu. Ku bar ni in huta tukuna." Bai ga damina ba, ya rasu.

Yanzu hadari ya fara haɗowa, ƙasa tana jira, irin kuma ba zai jure wata shekarar ajiya ba. Ni ma na gaji, na kawo muku ita iyakar inda zan iya. To, ku faɗa mini, tsakanin wadda ta adana, da wanda ya tayar, da wanda ya ɓata ya kuma gyara, a hannun wa za a saka gorar nan?